Amsa: kwana uku sun isa a tattara bayanan saba kafin a koma gajimare?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ne yake shirin samunka. Ka ce shugabanninku sun ɗauko kamfanin da zai tantance rumbunan bayananku kafin a mayar da su gajimare, wato manyan kwamfutocin haya (saba) da ake amfani da su ta intanet, sun ba ka sikirif, wato ɗan shirin kwamfuta mai tattara awo, ka kunna a kan manhajojin rumbunanku, Oracle da SQL Server, na kwana uku kacal, kuma suna neman kalmar sirrin babban admin. Kana son sanin ko kwana ukun sun isa, ko akwai haɗari a ciki. Ba su isa ba. Kalmar sirrin kuwa kada ka bayar, ko wa ya ce ka bayar.

Mu haka aka yi mana. Wani ɗan kwangila ya zo da kwamfutarsa a tsakiyar wata, lokacin da aiki ya lafa, babu albashi babu rufe lissafi. Ga shi kuma ƙarshen makon da ya wuce mun sa faci, wato gyaran manhaja, mun sake kunna sabar. Kai ka san abin da hakan ke nufi: sys.dm_os_wait_stats da sys.dm_io_virtual_file_stats, teburan SQL Server masu ƙirga jira da aikin faifai, daga lokacin kunnawa suke fara ƙirga, da an kashe an kunna sun koma sifiri. Na gaya masa. Na buɗe sys.dm_os_sys_info na ɗora yatsa a kan sqlserver_start_time, na ce Malam dubi nan, injin nan bai daɗe da tashi ba, ka bari ƙarshen wata ya zo ka ji yadda yake nishi. Ya yi murmushi ya ce manhajarsu ta san aikinta, sun yi wa waɗanda suka fi mu girma. Rahoto ya fito mai launi-launi, wai ɗan kaɗan muke taɓawa daga ƙarfin furosesa, wai shekara da shekaru kuɗi muke zubarwa. Shugabanni suka ji daɗi. Aka zaɓi ƙaramin inji da faifai mai arha, aka kwashe komai.

Da farko lafiya lau. Sai daren rufe lissafin wata. Aikin da a da yake ƙarewa kafin asuba, gari ya waye bai kai rabi ba. Ina zaune ina kallon allo, furosesa na hutawa abinsa, amma layin IOPS, wato yawan karatu da rubutun da faifai ke yi a daƙiƙa, ya hau ya tsaya cak a wuri ɗaya, bai ƙara ba bai ragu ba, don ya kai iyakar da aka yanka wa irin faifan da aka saya mana. PAGEIOLATCH_SH da WRITELOG, alamomin jiran faifai, sun cika jerin jira. Wayata ba ta daina ƙara ba. Masu lissafi sun zo sun tsaya a bayana, ba sa cewa komai, kallona kawai suke yi. Albashin mutane ya makara, ɗan'uwa, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Na kira ɗan kwangilar nan har na gaji, wayarsa a kashe. Da aka zauna taro daga baya, ya shigo da fara'arsa ya buɗe baki ya ce su bayanan da ma'aikacinku ya ba su da su suka yi aiki. Ni ke nan. Ni da na nuna masa da yatsa. Shugaban da yake tsaye a wurin ranar da na yi gargaɗin ya ce shi bai tuna ba. Har yau idan na tuna wannan murmushi raina ɓaci yake yi. Ba ƙarin kuɗin faifan ne ya dame ni ba, an ƙara an wuce wurin. Sunana da aka shafa wa baƙin fenti a gaban mutanen da na yi wa kwanan zaune ba adadi, shi ne abin da ya tsaya mini a rai. An biya shi kuɗinsa cif, ya tafi wajen wasu.

To don Allah ka tsaya kai da fata a kan wata guda cur, kuma lallai ƙarshen wata ya faɗo a ciki. In kuna da aikin ƙarshen zango ko na ƙarshen shekara da ba zai shiga ba, ka rubuta shi daban da tsawon lokacin da yake ci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka san daren da sabarka ke shan wahala, su ba su sani ba.

Kuma ko watan ka samu, kada ka saki jiki. Ka tambaye su da wane ma'auni za su yanke girman injin. Da yawa suna ɗaukar mataki na 95, wato a zubar da kashi 5 cikin 100 na lokutan da aiki ya fi tsanani. Yi lissafi da kanka: kwana 30 awa 720 ne, kashi 5 na wannan awa 36. Idan aikin rufe lissafinku awa goma yake ci, gaba ɗayansa ya faɗa cikin abin da aka zubar, alhali kai ka ɗauka ka tattara shi. Azure Migrate, manhajar tantancewa ta Microsoft, alal misali, yana barin mutum ya zaɓi tarihin kwana ɗaya, mako ɗaya ko wata ɗaya, ya kuma zaɓi mataki 50, 90, 95 ko 99. Ka sa su nuna maka na 99, su nuna maka mafi tsananin lokaci ma, musamman a IOPS da yawan megabait da faifai ke turawa a daƙiƙa. Matsakaici kuwa kada ma ka saurare shi.

Oracle ɗinka shi ya fi ba ni tsoro. Kafin ka kunna sikirif ɗin, buɗe shi ka nemi duk inda aka rubuta DBA_HIST. In ka gani, AWR yake karantawa, wato rumbun da Oracle ke ajiye tarihin aikin saba, shi kuma AWR sai da lasisin Diagnostics Pack, wanda ake saye daban a kan Enterprise Edition. In Standard Edition gare ku, ba ku da damar taɓa shi sam. Oracle yana rubuta amfani da irin waɗannan abubuwa a DBA_FEATURE_USAGE_STATISTICS, ranar da masu binciken lasisi suka zo kuma ba ɗan kwangila za su tambaya ba, kai za su tambaya. Duba saitin control_management_pack_access, wanda ke nuna ko an kunna Diagnostics Pack ɗin, sannan ka je wurin mai riƙe da takardun lasisinku ka gani da idonka. In babu, Statspack, madadin AWR, kyauta ne: ka kafa shi da spcreate.sql, sai ka tsara ɗaukar awo da kanka, amma ka sani daga ranar da ka kafa shi zai fara tarawa, ba shi da tarihin baya. In kuma kuna da lasisin, AWR a yadda ya zo kwana 8 kawai yake ajiyewa, awo ɗaya a kowace awa. Minti 10 na tsananin aiki a cikin awa guda zai fito maka kamar kashi 17 cikin 100, ka ga an ɓoye maka shi. Da MODIFY_SNAPSHOT_SETTINGS ka mayar da tazarar minti 15, ajiyar kuma kwana 35, wato 50400 tunda da minti ake rubutawa. Ka sa ido a kan SYSAUX, wurin da AWR ke ajiye awonsa, zai kumbura.

Batun kalmar sirri, ka buɗe musu asusu na karatu kawai wanda za ka goge in an gama. A SQL Server, izinin VIEW SERVER STATE da na VIEW ANY DEFINITION suna ɗaukar mafi yawan abin da ake nema. In sun ce sai sysadmin, wato izinin babban admin, su nuna maka layin da yake bukatarsa. Kuma fayil ɗin da ya fito kada ya bar hannunka sai ka buɗe shi ka karanta. Sunayen saba da adireshin IP da sunayen masu shiga duk suna ciki, wani lokaci har da rubutun SQL ɗauke da ainihin bayanan kwastomomi. Ka fara gwadawa a sabar gwaji, ba a mai rai ba.

Memori ma yana ruɗar mutane. SQL Server yana kwashe duk abin da saitin iyakar memori, max server memory, ya ba shi ya riƙe, sai Windows ya nuna a cike, wani ya ce ai sai an ninka. Wani kuma ya ga furosesa a ƙasa ya yanke ƙwayoyinsa, ya manta cewa a gajimare ƙaramin inji ƙaramar iyakar faifai yake zuwa da ita. Wannan na biyun shi ya kashe mu.

Akwai kuma abin da awo ba ya kamawa sosai: linked server da database link masu haɗa rumbu da wani rumbu, ayyukan SQL Agent da na cron masu tashi da kansu a lokacin da aka sa musu, da tsohuwar manhajar nan da ke aika dubban ƙananan tambayoyi don saba na kusa da ita. Ka rubuta su da hannunka. Girman rumbu wata bayan wata yana nan a msdb.dbo.backupset in ba a share tarihin ba, yawan redo na kullum kuma, wato rajistar canje-canjen da Oracle ke rubutawa, a V$ARCHIVED_LOG, da shi za ka san ko layin intanet ɗinku zai ɗauki kwafin.

Abin da nake roƙonka da shi tsakani da Allah: yau ɗin nan ka tura wa shugabanka imel, ka sa ɗan kwangilar a kwafi, ka rubuta ranar da aka sake kunna kowace saba, ranakun da aiki ke tsanani, da cewa kwana uku ba za su nuna su ba. In sun nace a kan kwana ukun, su amsa maka a rubuce. Ka ajiye amsar inda ba za ta ɓace ba.

Ka faɗa mini wane Oracle gare ku, Standard ko Enterprise, da shekarar SQL Server ɗin. In 2016 ne ko sama, ka kunna Query Store, mai ajiye tarihin aikin tambayoyi, tun yanzu ya fara tarawa kafin ƙarshen watan nan. Allah ya rufa asiri, ya raba ka da irin mutumin da na haɗu da shi.