Injin jirgin Baba ya tashi a gareji, amma gabana na faɗuwa kan gwajin ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gyara tsohon jirgin ruwan mahaifina mai injin Yamaha Enduro 40, wanda ya yi shekara tara a ajiye a Garwa. An sa masa sabon ringi da fulogi, an wanke kafireta. Makanike ya tayar da shi sau uku a gareji, ƙara tas. Ranar Asabar zan kai shi tafkin Lagdo da ke nan Kamaru gwaji na farko, amma ina tsoron ya mutu mini a tsakiyar ruwa. Me zan duba, kuma yaya ake saita shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri da ka raya kayan Baba. Amma tsoronka na kan hanya, kuma dalilinsa yana cikin wasiƙarka: sau uku a gareji. Cikin ruwa aka tsoma ƙafar injin, ko a iska aka tayar da shi?

Ina tambaya ne don kullum sai na ga wannan ɓarna. Mai gyaran babur zai rataye injin jirgi a jikin katako, ya ja igiya, ya murza wuta har maƙwabta su leƙo, ya ce Alhaji ka ji lafiyarsa. Injin babur iska ke sanyaya shi, wannan kuwa ruwa yake sha. A cikin ƙafarsa akwai 'yar fanka ta roba, impela, wadda ke tura ruwa sama, kuma ruwan nan shi ne man shafawarta. Ta juya a bushe na 'yan daƙiƙu kawai, fikafikanta sun ƙone. Daga waje ba ka ganin komai, ƙara na nan daram. Sai ka yi nisa da gaɓa kan inji ya ɗau zafi, fistin ya kame, sabon ringinka ya tafi a banza. Na sha buɗe ƙafar inji in tarar da impela ta zama kamar ƙonannen silifa, gutsattsarinta sun toshe hanyar ruwa, mai shi kuma yana rantsuwa wai mayun ruwa ne suka riƙe masa jirgi. Wasu ma cewa suke minti ɗaya ba komai, ko su watsa ruwa da buta a saman inji. Wannan wauta ce.

Bugu da ƙari, saitin da aka yi a tudu ƙarya ne. Hayaƙin injin ta tsakiyar farfela yake fita, a ƙarƙashin ruwa, ruwan yana danne shi. Silo, wato juyin inji a hankali ba a murza wuta ba, da ya zauna daidai a gareji zai faɗi da zarar ka sa giya a tafki. Saboda haka canza impela kafin Asabar, ko da ba a taɓa tayar da shi ba, don robar da ta kwana shekara tara ta riga ta sandare. In dole a gwada a gida, a cika durom da ruwa har ya rufe wurin da impelar take, kuma kada a sa giya.

Sauran ba wuya. Tunda ringi sabo ne, awa 10 na farko ka haɗa lita 1 ta mai da lita 25 na fetur, bayan nan ka koma rabin lita a lita 25. Man injin jirgi mai alamar TC-W3 nake nufi, kada ka zuba baƙin man mota. Idan zuwa-zuwa, wato fetur na bumburutu, ka saya a kwalba, tace shi da ƙyalle, ka bar shi ya kwanta, ruwa da datti ba sa rasuwa a ciki. Kwance kusar man giya ta ƙasa: in ya fito fari kamar kindirmo, ruwa na shiga.

A Lagdo, bar jirgin a ɗaure a gaɓa tukuna ka ga ko yana yoyo. Ka tayar, ka zuba ido ga fitsarin inji, siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya. Bai fito ba, kashe nan take. Ya ɗumama, sa giya, sannan a saita silo. Kada ka yarda a matse kafireta wai don tsimin fetur, domin man da ke shafe fistin tare da fetur yake shiga. Kada ka ƙure wuta a ranar farko. Bayan rabin awa cire fulogi: launin ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat yunwar mai ce, ka tsaya.

Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwan, ga tarun masunta, ga dorina. Ɗauki masunci ɗan gari ya nuna maka hanya, ku fita da safe kafin iska ta taso, da filafili biyu da rigar hana nutsewa, igiyar kashe inji kuma a ɗaure a hannunka. Yara su jira a gaɓa.