Tambayi Likita: Maigida Zai Yi Nutso a Teku, Uwargida Za Ta Jira a Gaɓa

Tambayoyin wannan makon daga masu shirin hutu a bakin teku suka zo, akasari Bahar Maliya ta ɓangaren Masar da kuma Zanzibar, inda ɗaya zai yi nutso da tukunyar iska, ɗaya kuma zai tsaya a tudu.

Likita, ina shiga jirgin ruwa sai amai. Ina so in raka maigida inda za su nutsa. Me zan sha? Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

Ki sha Stugeron awa biyu kafin ki hau, domin idan aman ya fara ba ya wani tasiri. Ki ci abu mara maiƙo, ki zauna tsakiyar jirgin inda iska ke kaɗawa, ki tsayar da ido can nesa, ki ajiye waya. Citta ma tana taimaka wa wasu. Maganin yana sa barci, saboda haka kada maigida ya fara gwada shi ranar da zai nutsa.

Za mu yi kwana bakwai a Sharm el-Sheikh da ke Masar. Bara da mijina ya yi nutso ya dawo otal da ciwon kafaɗa da kasala, na gasa masa da ruwan zafi, na shafa man zafi, bayan kwana biyu ya ware. Wane maganin ciwon jiki zan tafi da shi bana? Daga wata Hajiya a Kano.

Hajiya, tambayarki ce ta fi tayar mini da hankali. Ba zan ce lallai ga abin da ya same shi bara ba, amma abin da kika kwatanta ya yi kama da cutar da ke shanye masu nutso, kuma gashin nan da kika yi yana cikin abubuwan da ake hanawa.

Tukunyar da yake goyawa iskar da muke shaƙa ce aka matse a ciki, kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu sau biyu, a mita 20 sau uku. Wannan matsi ke tura naitirojin ya narke cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso a hankali, iskar tana fita ta numfashi. Idan ya taso da gaggawa, ko ya daɗe a ƙasa fiye da ƙa'ida, sai ta yi kumfa a jikinsa, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Kumfar nan idan ta tsaya a gaɓa sai ciwon kafaɗa, gwiwar hannu ko ta ƙafa. Idan ta tsaya a laka ko ƙwaƙwalwa, tana iya barin mutum a kan keken guragu.

Shi ya sa ake tasowa da saurin da bai wuce mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya ba, a kuma dakata minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Wannan nasa ne. Naki aikin yana farawa bayan ya dawo ɗaki, domin yawancin alamun cikin awa 6 na farko suke bayyana, kusan dukansu cikin awa 24, kuma a lokacin nan babu malamin nutso a kusa, ke ce. Maza kuwa kin san su: "Gajiya ce kawai, bari in ɗan kwanta."

Ki lura da ciwo mai nuƙurƙusa a cikin gaɓa wanda motsi ba ya canza shi, jin dindiris ko kamar ana tsira allura a hannu ko ƙafa, kasalar da ta wuce misali, ƙaiƙayi da tabo shuɗi-shuɗi a ciki ko ƙirji, jiri, tangaɗi, ruɗewar magana, da kasa yin fitsari. Ki sa shi ya taka layi ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu. Ki ba shi yatsunki ya matse da hannu biyu ki ji ko ɗaya ya fi rauni. Ko ɗaya kika gani, asibiti.

Kafin a isa: ki kwantar da shi a miƙe, ki kira cibiyar nutson su kawo oksijin zalla a sa masa ba tsayawa, ki ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa. Ba gashi, ba tausa, ba wankan ruwan zafi, domin zafi yana ƙara tayar da kumfar. Maganin ciwon jiki kuwa rufe alamar yake yi, cutar na ci a ƙasa. Kuma don Allah kada wani ya ce a mayar da shi ruwa "iskar ta koma". Ana mutuwa a haka. Maganin shi ne ɗakin matsin iska, inda ake sa mutum ya shaƙi oksijin ƙarƙashin matsi, zama ɗaya kusan awa biyar. Akwai shi a Sharm el-Sheikh, Dahab da Hurghada. Ko da oksijin ya sa ya ji sauƙi, sai likita ya gan shi, domin alamun kan dawo.

Tun kafin ku tashi, ya je likita ya duba shi ya faɗa masa abin da ya faru bara. Ki ajiye lambar cibiyar nutson da ta ɗakin matsin a wayarki, ba tasa kaɗai ba. Ku karanta takardar inshorarku, da yawa ba sa ɗaukar haɗarin nutso, kuma jinyar tana da tsada.

Matata na son mu hau dutsen Ɗuri Sina a ranar ƙarshe, bayan na gama nutson safe, washegari mu tashi. Akwai matsala? Daga wani malami a Abuja.

Akwai, Malam. Tsayin dutsen, wanda ake kira Jabal Musa, mita 2,285 ne, kuma hawansa daidai yake da shiga jirgin sama, inda matsin iska ke kamar na tsaunin mita 1,800 zuwa 2,400. Ƙa'ida ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ni awa 24 nake ba da shawara. Ku juya tsarin: dutse a ranar farko ko ta biyu, nutso a tsakiya, ranar ƙarshe ta uwargida ce, kasuwa da yawon bakin ruwa. Idan ciwon gaɓa ko dindiris ya taso maka a filin jirgi, kada ka hau, ka nemi likita.

Kunnena ya yi zafi sosai a ƙarƙashin ruwa, da na fito na ga ɗan jini. An ce in ɗiga man zaitun da ruwan tafarnuwa. Daga wani matashi a Zariya.

Wa ya ce? Kunnen da ke jini ake zuba wa tafarnuwa? Mai yiwuwa dodon kunnenka ya fashe, kuma duk abin da ka ɗiga zai wuce ciki ya ƙone ko ya jawo ruɓewa. Ba mai, ba ruwan albasa, ba auduga, ba tsinken ashana, ba ma maganin ɗigawa na kemis sai likita ya leƙa. Kada ruwa ya shiga, kada ka sake nutso. Yawanci yana haɗewa da kansa cikin 'yan makonni. In akwai jiri, ƙara a kunne ko raguwar ji, yau za ka je wajen likitan kunne, ba gobe ba.

Gaba kuma, ka riƙa daidaita kunnen tun daga saman ruwa da kowace mita: toshe hanci, hura a hankali, ko haɗiye yawu. Ya yi zafi, ka ɗan taso mita ɗaya ka sake, kada ka matsa da ƙarfi. Mai mura ba ya nutso. Maganin buɗe hanci kan sake mutum yana ƙasa, iska ta maƙale a kunne lokacin tasowa.

Ina da cikin wata biyu, zan iya gwada nutson 'yan koyo?

A'a, ko na mita biyu. Kumfa tana iya isa ga ɗan tayi. Ki bari sai kin sauka lafiya.

Jinina AS ne, matata kuma tana da asma.

Mai SS ko SC ba ya nutso sam. Mai AS sai likitan da ya san harkar nutso ya duba shi, sannan ya guji ƙishirwa, sanyi da wahalar da jiki, kada kuma ya haɗa nutso da azumi. Asma kuwa tana iya riƙe iska a huhu lokacin tasowa har ya fashe, don haka kada ta taɓa tukunya ba tare da gwajin huhu ba. Abin shaƙarta ya kasance a jakarta a cikin jirgin ruwa, ba a otal ba.

An ce fitsari ne maganin harbin halittun teku.

Ƙarya ce. A wanke da ruwan teku, ba na famfo ba, a cire abin da ya maƙale da hantsaki, kada a murza. Ƙayar kifi mai dafi ko bushiyar teku, a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata ke jurewa, kusan digiri 45, minti 30 ko fiye. Numfashi ya yi wuya, fuska ta kumbura ko zafin ya ƙi lafawa, asibiti nan take.

Ban iya iyo ba, amma ina son ganin kifayen da murjanin da maigida yake ba ni labari.

Akwai jiragen da ƙasansu gilashi ne, kina zaune a bushe kina kallo. In kina son shiga, sa rigar ceto, tabaran ruwa da bututun numfashi, a wuri mara zurfi, tare da jagora mai riƙe da taya. Ki zaɓi kayan iyo masu rufe jiki da aka ɗinka don ruwa, domin doguwar riga in ta jiƙe nauyi take yi tana naɗe ƙafa. Kada ki taɓa murjani, wani yana ƙuna kamar wuta. Baƙar fata ma rana na ƙona ta, musamman mai shafa man bilicin, sai ki shafa man kariya mai lamba 30 ko sama duk awa biyu. Idan kika shaƙi ruwa, tari ko ƙuncin ƙirji ya biyo baya, ko bayan awanni ne, ki ga likita a ranar.