Harsashin gasa a farautar barewa: amsa ga ƙanenmu na Pennsylvania

Wani ƙanenmu ɗan Zariya da ke karatu da bizar ɗalibta kusa da Harrisburg ya turo min saƙo, yace wani Bature abokin aikinsa zai kai shi farautar barewa bana, zai ara masa bindiga .308, har ya bashi kwali biyu na harsashin Sierra MatchKing da suka rage masa daga gasar harbi. Yace sun gwada a filin koyo, a yadi 100 harsashi biyar suna shiga kusan rami ɗaya, to me zai hana ya harbi barewa da shi? Kakansa maharbi ne, abin yana jininsa, kuma yana so yayi kilishi.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, kuma wallahi naji daɗi da ka tambaya kafin ka shiga daji. Amsata a taƙaice itace kar kayi, ka bar wannan harsashin a filin koyo. Amma kafin muje kan harsashi bari mu fara da takardunka, don nan ne hankalina yafi tashi.

Dokar tarayya ta Amurka ta hana mai bizar zaman wucin gadi, irin taka ta ɗalibta ko ta aiki ko ta ziyara, riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya shiga cikin waɗanda aka togace, kuma hanyar da tafi sauƙi a cikinsu itace lasisin farauta mai rai daga ɗaya daga cikin jihohin Amurka. Ka lura fa, riƙewa nace ba saye kawai ba, bindigar aro ma riƙewa ce, kwalayen nan biyu da ke ɗakinka yanzu ma riƙewa ce. In baka da lasisin a hannu yau ɗin nan ka mayar masa da kayansa ya ajiye maka. Mai girin kad wannan hanin bai shafe shi ba, wanda kuma zamansa ya ƙare bai fita ba to ko lasisi goma ya saya babu abinda zai wanke shi, hukuncin yana iya kaiwa shekara 15 a gidan yari tun gyaran da akayi a 2022, kuma laifin bindiga yana cikin laifukan da ake tasa ƙeyar mutum gida a kansu. In wata rana kaje sayen taka za'a baka fom 4473, akwai tambayar ɗan wace ƙasa ne kai, dan Allah kar hannunka ya kuskura ya zaɓi ɗan Amurka, ƙaryar zama ɗan ƙasa tabo ne da yake bin mutum har abada a harkar shige da fice. Ka samu lauyan shige da fice ka bashi minti talatin, ka kuma tambayi makarantarku don yawancinsu basa yarda da makami a ɗakunan ɗalibai. A Pennsylvania sabon mafarauci sai yayi kwas ɗin koyon farauta kafin a sayar masa da lasisi, ka fara daga nan.

To yanzu harsashin. Shi harsashin gasa aiki ɗaya aka ƙera shi yayi, ya tashi daidai ya huda takarda a inda ɗan uwansa ya huda, abinda zai faru bayan ya taɓa nama ba'a sa shi a lissafi ba. Ɗauki ɗaya ka duba bakinsa, zaka ga ɗan rami ƙarami kamar na allura, mutane da yawa suna zaton na buɗewa ne a jikin dabba, alhali ragowar yadda aka naɗe rigar tagullar da ta lulluɓe harsashin ne daga gindi zuwa baki. Rigar siririya ce, dalmar ciki kuma ba'a ɗaure ta da rigar ba. Shiyasa baka san me zai yi ba: wani lokaci bakin ya toshe ya wuce ta cikin haƙarƙari sumul kamar an soka tsinke, rami ƙarami jini kaɗan, barewa ta kwasa da gudu, wani lokaci kuma ya daki allon kafaɗa ya tarwatse tun bai kai huhu ba, ya bar ƙaton rauni a sama dabba ta tafi da ƙafa uku. Wani lokacin kuma ya kayar da ita nan take, gaskiya ne, kuma irin wannan labarin ne abokinka zai baka, amma harbin da ya ɓaci ba kasafai ake ba da labarinsa ba. Kamfanin Sierra da kansa yana faɗa cewa baya ba da shawarar MatchKing a yawancin farauta, yana da GameKing don wannan aikin. Kamfanin Hornady ma haka, ELD Match na gasa daban ELD-X na farauta daban.

Ni na taɓa bin sawun barewar da aka harba ba daidai ba, maƙwabcina ne ya harbe ta da la'asar da ragowar harsashin gasa, muka bi da tocila cikin sanyi, ɗigon jini kamar ƙwayar gero a kan busasshen ganye, taku ashirin ka ga ɗaya, taku hamsin babu, har wajen goma na dare muka haƙura. Da safe muka same ta a bakin rafi, karnukan daji sun riga mu. Har yau in na tuna raina baya min daɗi.

Kuma mu abin ya wuce tausayi kawai. Annabi (SAW) yace Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, wanda zai yi yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. A Risala da muka karanta a zaure ance abin da kibiyarka ta kashe ka ci matuƙar bai kwana a ɓoye gare ka ba, kaga kenan harsashin da zai sa ka kwana kana nema yana iya jawo maka asarar naman gaba ɗaya. Kayi bismillah lokacin da zaka ja kunamar, in ka iske ta da sauran rai ka yanka, wuƙarka ta zama a kugu ba a mota ba. Sauran bayanin ka zauna da malamin masallacinku.

Dokar jihar ma tana da magana, Pennsylvania tace harsashin barewa ya zama dalma zalla ko wanda aka ƙera don ya buɗe in ya daki dabba, kuma bata yarda da doguwar bindiga mai ɗura kanta ba a farautar barewa. Harsashin da mai ƙera shi yace ba don haka yayi shi ba, kai baƙo mai biza me zai kai ka gardama da jami'in gandun daji a kansa?

Abinda zaka yi mai sauƙi ne. Kaje shago ka sayi kwalin da aka rubuta na farauta ne, Remington Core-Lokt da ake amfani da shi tun 1939, ko Federal Fusion, ko Nosler Partition wanda John Nosler ya fito da shi a 1948 bayan harsashinsa ya kasa ratsa wata ƙatuwar dabba a Kanada, ko na tagulla zalla irin Barnes in kana gudun ɓurɓushin dalma a naman da yara zasu ci. Nauyin giren 150 ko 165 (giren shine ma'aunin nauyin harsashi) ya wadatar. Sai ka koma filin koyo ka sake saiti da shi, don ba inda na gasa ke sauka zai sauka ba. In harbinka ya taru cikin faɗin inci biyu a yadi 100 kar ka damu, huhu da zuciyar barewa sun kai faɗin farantin tuwo, kuma a dazukan nan yawanci kusa ake harbi. Ka jira ta ba ka gefe, ka sa a bayan kafaɗa. Lokacin bindiga yana buɗewa Asabar ɗin da ke bin bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba, kuma dole ka sa hula da riga ruwan lemo mai ƙyalli.

Batun kilishi, akwai ciwon CWD da ke cin ƙwaƙwalwar barewa, an ganshi a jihar tun 2012, in a yankin da aka ware kuka harba ka kai kan a gwada, in sakamako ya nuna tana da shi kar a ci. Hoto da bindiga kuma ka turawa Baba kai tsaye ya isa, ba sai Facebook ya gani ba, tun 2019 fom ɗin biza yana tambayar shafukan sada zumunta. Jakar da kaje daji da ita kar ta zama jakar tafiya gida, in kuma dole ne ka zazzage ta aljihu-aljihu, harsashi ɗaya da ya maƙale a ɗinki ya isa ya tsayar da kai a filin jirgi, a nan ko a Kano.