Rigimar 'yan Inter da 'yan Milan a fada

Ka ce 'yan Inter da 'yan AC Milan na fadarku ta Birni har sun daina shan shayi tare, wai ko a raba musu wurin kallo. A'a aboki kar ku raba, caca za ku hana kawai.

Su kungiyoyin kwallon biyu can Italiya ma ai gida daya ne, Inter daga cikin Milan ta balle a 1908, kuma tun 1947 filin San Siro guda suke amfani da shi. Mu a fadarmu ta Zango tsiya ce kawai ake yi a watse, sai ranar da wani ya aza jaka biyu kan wasa sannan zagi ke kaiwa ga iyaye. Amma fa in akwai wanda ya taba daga hannu, shi kam ya kalla a gidansu.