Sankarau da Ake Ɗauka Daga Alade

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka bambance sankarau da ƙwayar Streptococcus suis ta alade ke kawowa da wanda muka saba gani lokacin bazara. A kallon farko ba za ka iya ba, domin duk zazzaɓi ne mai zafi, da matsanancin ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya, wani lokaci har da gushewar hankali. Abin da zai haska maka hanya shi ne ka tambayi sana'ar majinyacin, ka kuma duba hannuwansa, domin ƙwayar kan shiga ta ɗan yankan wuƙa a yatsan mahauci ko mai kiwon alade, ko ta cin nama da jinin da ba su dahu ba. Wanda ya zo maka daga wajen kasuwar aladu ta Kafanchan, kada kunya ta hana ka yi masa wannan tambaya.

Kunne shi ne abin da nake so ka riƙe da kyau. Wannan cuta tana kurmantar da mutum fiye da yawancin ire-iren sankarau, sau da yawa tun kwanakin farko, kuma jin ba kasafai yake dawowa ba. Ka tsaya a bayan majinyacin ka yi masa raɗa, kunne ɗaya bayan ɗaya, kowace safiya, sa'an nan idan ya samu ƙarfin miƙewa ka lura ko yana tangaɗi saboda jiri. Babu abin da ke sosa mini rai kamar magidanci ya warke amma ya koma gida ba ya jin kiran 'ya'yansa.

Akwai kuma wadda take bin jini, fata ta yi tabo-tabo baƙaƙe, matsin jini ya faɗi, mutum ya cika cikin sa'o'i. Irinta aka gani a lardin Sichuan na ƙasar Sin a 2005, inda mutum fiye da 200 suka kamu, kusan 40 suka rasu. Wanda aka cire wa saifa ya fi kowa shiga haɗari.

Ka ɗebi jini da ruwan ƙashin baya, ka rubuta wa ɗakin gwaji abin da kake zargi, domin sukan ɗauke ta a matsayin wata ƙwayar dabam. Kada ka jira sakamako kafin ka fara allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato seftiriyazon ko fenisilin, kuma ka haɗa da deksametazon, maganin rage kumburi, tun farko, domin a Biyetnam an ga yana rage kurumtar.