Kafin ku sayi injin, ku fara duba ruwan

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce ku 'yan gari ɗaya mazauna Kano kun haɗa kuɗi kuna so ku saya wa mutanenku na ƙauye injinan ban ruwa ko sa rage tafiya cirani in an gama girbi, kana tambayar wane inji ya fi. Allah ya saka muku da alheri, amma don Allah kar ku fara da inji. Na taɓa yin irin wannan kuma na ga yadda ta kaya.

Ni a Kurna nake zaune amma tushenmu wajen Bagwai ne, sai dai ruwan dam ɗin Watari bai iso ƙauyenmu ba. Na shiga Sabon Gari na sayi inji mai inci 2 da mesa na kai wa mutum 5, suka haƙa rami a cikin rafi suka yi fangali suka dasa tumatir, abu ya yi kyau kowa na murna, watan Fabrairu na kamawa ruwan ya janye daidai lokacin da tumatir ke fure. Wallahi har yau in na tuna fuskar kawuna a ranar raina ɓaci yake, don sai da ya sayar da akuyoyi biyu ya sayi taki.

To shi yasa nake cewa ku je garin a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi, ku ga inda ruwa ya tsaya. Ku tambayi dattawa ina ake kafa jigo a da, duk inda aka yi jigo to ruwa na kusa. Ƙaramin injin fetur ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8 komai sabuntarsa, saboda haka in fadamar mai yashi ce kuma ruwan bai yi nisa ba sai a buga ƙaramar rijiyar bututu, irin wadda shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa tun shekarun 1990. Masu bugawa suna nan da yawa kuma a wuni ɗaya suke gamawa. Mu ita ce ta cece mu a shekara ta biyu.

Sai maganar mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 talakan da ka ba inji kyauta ba lallai ya iya zuba masa fetur sau biyu a sati ba, sai kaga ya jingine shi a ɗaki ko ya sayar. Mai sola ya fi sauƙi in an daɗe amma kuɗin farko da nauyi, ranar hazo ƙarfinsa na raguwa, ga ɓarayi. Ko wanne kuka ɗauka dai a damƙa shi hannun mutum ɗaya, duk wanda aka yi wa ban ruwa ya ajiye wani abu a asusun gyara. Inji na kowa ranar da ya lalace ba mai shi.

Kasuwa kuwa nan ne mutane ke kuka. Kar mutanenku su zuba duk jarinsu a tumatir kaɗai. Mutanen Kura da Kadawa da Garun Malam ruwan Tiga ke zuwar musu ta kanal, in kakarsu ta faɗo ka je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ka ga yadda kwando ke faɗuwa warwas, ƙaramin manomi mai sayen fetur ba zai iya gogayya da su ba, ga kuma tsutsar sharon da ta cinye gonakin tumatir a 2016 kuma har yanzu tana dawowa. Mu yanzu rabawa muke, albasa saboda tana ajiyuwa, masarar gashi, sai alayyafo da salak da ke kawo ɗan kuɗin mai cikin wata guda in an kawo kasuwar 'Yan Kaba. Tumatir ɗan kaɗan, in ya yi kwantai mata su yanka su shanya a yi kauda.

Abin da ya fi damuna kuma ba a cika faɗa ba, talakan gaske a ƙauye sau da yawa ba shi da ko taku ɗaya a fadama. In ba ku lura ba masu hali za ku ƙara wa ƙarfi. Ku zauna da mai gari a ba marasa fili aro ko haya gaban shaidu, a sa zawarawa masu marayu a ciki. Sannan ku je wajen Arɗo tun kafin a kafa shinge, fadamar nan ita ce mashayar shanunsu da rani, a bar musu burtali. Mu mun yi sakaci da wannan sai da dagaci ya shiga tsakani.

Ku fara da rijiya 2 da inji 2 a bana, sauran kuɗin ku riƙe don iri da taki. In Maris ta kama ka yi min magana, in Allah ya yarda sai mu je tare da mai buga mana rijiya ya duba muku ƙasar.