Fentin Ƙugiya Mai Kan Dalma: Amsa Ga Masuntanmu Na Legas

Wani bawan Allah ɗan asalin Yawuri da ke kiwon tarwada a Ikorodu, yana kuma taɓa fatsa a ƙarshen mako, ya turo tambaya. Ya ce shi yake narka dalma ya zuba kan ƙugiyarsa, ya ɗaura gashin kaza, ya shafa fenti, amma fita biyu fentin ya ɓare. Yana so ya san wane fenti ya fi ƙarko.

Malam, fentinka ba shi da laifi sosai. Matsalar tana ƙarƙashinsa. Dalma idan ta kwana biyu a iska sai ta yi dushi-dushi, ga maiƙon hannu ya hau kanta, kuma fenti ba ya kama irin wannan jiki. Ka shafa tun tana ƙyalli. Idan ta riga ta dushe, ka kankare ta da wuƙa a cikin ruwa, ka goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, ta bushe sarai, daga nan kada ka ƙara taɓa kan da yatsa. Ka riƙe ta ƙugiyar.

Shafin farko fari ne, ko da wane launi kake nufi a ƙarshe, domin rawaya a kan dalma tsirara ba ta fitowa. Ka tsinka fentin, ka tsoma, ka rataye a waya kan yana kallon ƙasa. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri. Gaggawa ce ke kayar da mutane a nan. Iskar Legas jiƙaƙƙiya ce, balle a Yuni da Yuli, sai fentin mai ya bushe a sama alhali cikinsa ɗanye ne. Ka ba kowane shafi aƙalla kwana guda. Mai haɗa da yawa ya tara aikinsa zuwa Disamba da Janairu, lokacin hunturu.

Abin da zai kare fentin daga dutse da haƙorin kifi shi ne shafin ƙarshe na gam mai haɗi biyu, irin Araldite. Ka nemi mai jinkirin kamawa. Mai kamawa cikin minti 5 yana saurin komawa rawaya. Ka riƙa juya ƙugiyar har ya fara kamawa, don kada ya taru gefe guda ya ɓata mata tafiya a ruwa. Kafin ya sandare ka zura tsinke ka buɗe idon ƙugiyar, in ba haka ba kaifin busasshen gam zai ci maka zare ranar da babban kifi ya kama. Idan 'yan kaɗan ne, jan farce ma yana yi.

Wani daga Epe ya tambayi launi. Da damina, ruwan koguna irin su Ogun yakan kwararo ya gurɓata tafkin Legas, to fari da rawaya mai haske sun fi ganuwa. Da rani ruwan ya fi washewa, gishiri ya ƙaru, launin azurfa ya fi kama da ƙananan kifi. A ganina nauyi da yadda kake motsa zaren sun fi launi tasiri. Da ka dawo gida ka ɗauraye da ruwan famfo ka shanya, domin gishiri na kawo tsatsa.

Ku saurare ni da kyau kan dalmar kanta, 'yan'uwa. Guba ce. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalma na narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Celsius, rishon gida ma yana iya narka ta, shi ya sa wasu ke yin aikin a inda ake girki. Kada ku yi. A fili za a narka, nesa da yara da masu juna biyu, da tukunyar da ba za ta ƙara ganin abinci ba. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin narkakkiyar dalma yana watsa ta a fuska. Kada a fasa batirin mota don neman dalma, kada a goge ta a bushe ƙura ta tashi, kada a danne ta da haƙori. Kai kuma Malam mai tarwada, ruwan kankarar nan kada ya je kusa da kududdufinka, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abincin kifi ko naka.